Cinyar da Ake Kaiwa Harobanda

Mu mutanen Kalley muna da ciwon raina duk abin da ke hayin gada. Ba ni na ƙirƙiro shi ba, a gida na tarar da shi. An haife ni a wani lungu bayan babbar kasuwa, a nan na yi lakwal, karatun boko, a nan na yi aure, kuma har na haura shekara arba'in abin da na sani na Harobanda, unguwar hayin, bai wuce titin gudron da ya miƙe daga bakin gada ba. In abokin aiki ya ce ya kama haya a can, sai in yi masa Allah ya kiyaye hanya kamar mai tafiya Agadas. Ina jin daɗin wannan tsokana, ban taɓa tunanin za ta dame ni ba.

Amma duk shekara akwai wani yanki na gidanmu da ke haye gadar nan. Wanda ya taɓa yin babbar salla a Yamai ya san yadda muke yi da raguna: a feɗe, a buɗe su a kan itace biyu da aka gicciya, a jera su kewaye da wuta a bakin titi, su wuni suna gasuwa, unguwa duk ta turnuƙe da hayaƙi da ƙamshin kitse. Ba a taɓa su ranar. Sai washegari da safe ake sauke su a fara rabo. To a wannan safiyar, kafin kowa ya sa wuƙa, Inna kan fito ta yanke cinyar dama da hannunta, ta sa a wani kwanon samira mai furanni shuɗaye, ta rufe, ta ɗaure da kallabi. Akwai wani dattijo mai taksi, mutumin Maraɗi, da ke haya a lungunmu. Shi ke ɗauka. Da azahar ya dawo da kwanon, cikinsa garin rogo da ƙullin wani barkono mai kifi irin na mutanen Togo.

Inna kan tambaye shi, "Sun karɓa?"

Ya ce, "Sun karɓa, Hajiya."

Iyakar maganar ke nan, shekara da shekaru.

Wadda ake kai wa cinyar yayata ce, uwa ɗaya. Inna ta yi aurenta na fari a Damagaram da wani ɗan kasuwa, suka haifi 'ya mace, auren bai yi tsawon rai ba. Da aka yaye yarinyar uban ya karɓe ta ya tafi da ita Lome inda kasuwancinsa ya koma, matarsa ta can, 'yar ƙasar, ita ta raine ta. Inna ta auri mahaifinmu suka taho Yamai, aka haife ni, aka haifi ƙanwata. Sai da yayar nan ta yi aure, mijinta direban babbar mota ya kawo ta Yamai, sannan muka ji cewa tana hayi.

Ita ce 'yar farin Inna, kuma Inna mutuniyar da ce. Ba ta kama sunanta, ba ta tambayar lafiyarta a gaban mutane, in zance ya biyo ta kanta sai ta sami abin yi a madafa. "Waccan ta hayi," haka take ce mata in ya zama dole. Mu da muka tashi a ciki mun san kunya ce. Ita kuwa yayata a bakin teku ta tashi, hannun matar da ke rungumar ɗanta na fari a tsakiyar kasuwa.

Sau ɗaya ta zo gidanmu. Ina makarantar kwana lokacin, ƙanwata ce ta ba ni labari. Ta ce ta shigo da fara'a, ta durƙusa ta kama ƙafar Inna tana kuka. Inna ta janye ƙafarta a hankali, ta kawo mata ruwa, ta sa aka yanka mata kaza, sannan ta shige ɗaki ta bar ta da maƙwabta. Har ta tafi ba su haɗa ido ba. Ba ta sake zuwa ba. Ƙanwata ta ce yayar tamu da Inna kamar an tsaga kara, har tafiyar.

Ni ma ban je ba, kuma ba ni da wata kunya da zan fake da ita. Lalaci ne da girman kai. Abin da na iya shi ne tsokanar Inna ranar rabo. In ce, "Inna, cinyar nan dai ta fi mu gata, duk shekara tana yawon buɗe ido." Ta harare ni ta ce in matsa mata daga haske.

Inna ta rasu saura wata biyu salla. Ciwon kwana huɗu. A cikin ruɗanin nan ba wanda ya je hayi. Dattijo mai taksi, wanda shi kaɗai ya san gidan, ya ajiye tuƙi tun bayan sallar bara ya koma ƙauyensu, lambar da muke da ita kuma ba ta shiga. Na ce bayan addu'ar uku zan nemi gidan. Na ce bayan bakwai. Aka yi arba'in. Wata gwaggonmu ta kira daga Damagaram ta wanke ni soso da sabulu, ta ce mace na zaune cikin gari ɗaya da mu ba ta san uwarta ta mutu ba. A bakinta na fara jin sunan yayata na yanka.

Saboda haka washegarin salla na yanke cinyar dama, na sa a kwanon samira, na ɗaure da kallabin Inna. Zan kai nama, zan kai labarin mutuwa, zan nemi gafara. Wannan shi ne abin da na gaya wa matata. Abin da ban gaya mata ba, fuskar nake son gani. Wata biyu ina rufe ido ina neman fuskar Inna tana ƙi mini zama, ga shi an ce akwai irinta tana yawo a hayin kogi.

Taksi ta sauke ni bayan gada da hantsi. Abin da na riƙe na kwatance shi ne wata magana da na taɓa ji dattijon ya yi: a bar gudro a gangara wajen ruwa, akwai injin niƙa kusa da wani ƙaramin masallaci, gidan haya ne mai jan ƙyaure. Na ɗauka abin minti goma ne. Ashe injin niƙa kusa da masallaci a Harobanda ya fi a ƙirga.

Ban taɓa shiga wurin da kunnena ya gaji kamar nan ba. A Kalley ma akwai baƙi, amma kasuwa ta daka mu ta mai da mu gari ɗaya, kowa da Hausarsa ko Zabarmancinsa. A nan kowane lungu da bakinsa. Ka yi sallama a amsa maka da Fulatanci, ka ƙara taku ashirin ka ji Gurmanci ta kan katanga, ka karya kwana ka tarar da Buzaye sun shimfiɗa tabarma suna dafa shayi, gabansu mata 'yan Benin na suyar doya. Ɗalibai na zaune a gindin bishiya da takardu, salla ko ba salla. Na wuce wata 'yar majami'a ta kwano, jikinta shagon tela ɗan Mali, kuma a ƙofar gidan da ke kallonta nama ne shanye a igiya, wanda maƙwabta musulmi suka aiko. Kowa na ɗauke da kwano rufe yana zuwa wani wuri. Ni kaɗai ne mai kwanon da bai san inda za shi ba.

Na tambayi mai injin farko da sunan da gwaggo ta ba ni. Ya girgiza kai. Na tambayi na biyu, ya kira matarsa, ta ce masu wannan suna uku ta sani, ɗaya jaririya ce. Wani tsoho Bazabarme da ke gyaran taru ya dube ni sama da ƙasa, da shaddata da takalmina na salla, ya ce, "'Yar'uwarka ce, kuma ba ka san gidanta ba?" Ba da faɗa ya faɗa ba. Na ji haushinsa ƙwarai.

Da na ƙara gangarawa wajen kogi sai unguwar ta canza. A jikin katangu akwai wani layi mai duhu daidai ƙugun mutum, ya bi gida bayan gida bai karkace ba. Shaidar ruwa ce, ta shekarun da kogi ya cika ya shigo. Tsakanin gidajen da ke tsaye akwai filaye da tudun jar ƙasa, inda ɗakuna suka narke. A wani wurin ƙofa ce kawai ta rage, da ƙyaurenta da kwaɗo a rufe, babu bango dama babu hagu. Na daɗe ina kallonta. Hayaniyar salla tana can baya, nan sai kukan kurciya da ƙarar injin ban ruwa daga lambuna.

A nan na hango wata mata a gabana, da tulun roba a ka. Gajeriya, kafaɗar hagu ta ɗan sauka, tana jefa ƙafa waje kaɗan. Tafiyar Inna ce sak. Na san Inna tana maƙabarta, ni na sa ta a rami da hannuna, amma ƙafafuna ba su tsaya shawara da ni ba. Na bi matar nan lungu biyu, ban iya yin sallama ba. Da ta tsaya sauke tulu ta waiwayo, sai ga doguwar fuska da zane a kumatu, ba ta haɗa komai da mu ba. Ta dube ni da tsoro. Na ba ta haƙuri na juya, kunya kamar in nutse.

Rana ta take. Kitse ya fara narkewa yana ɓata kallabin, zuciyata kuma ta fara ɗibata. Na zagi unguwar a raina, na zagi dattijo da kwatancensa, har na ce da kaina in ba wani almajirin Allah naman in koma gida. Na zauna a kan wani benci gaban wata mai sayar da shinkafa da wake don in huta, na ajiye kwanon a gefena.

Matar ba ni ta kalla ba, kwanon ta kalla. Babbar mace ce, za ta yi shekara sittin, da ƙaramin gicciye a wuya. Ta ajiye ludayi ta zagayo.

Ta ce, "Kwano nan, na san shi. Daga Kalley."

Hausarta irin ta kasuwa ce, tana cika ta da Faransanci inda ta gaza. Na miƙe tsaye. Na ce, "Madam, gidan nake nema tun safe. Ni ƙanenta ne."

Ta dube ni sosai, ta ɗaga hannu kamar za ta taɓa goshina, sai ta fasa. Ta ce da wata maƙwabciyarta ta duba mata tukunya, ta ce in biyo ta. Yadda ta yi gaba ba ta ƙara magana ba, na sha jinin jikina.

Ƙyauren ja ne, dattijo bai yi ƙarya ba, sai dai ja ɗin ya koɗe. Gidan haya ne mai faɗi, ɗakuna jere ta ɓangare uku. Wata Bafulatana na wanke ƙwarya, wani mutum na sauraron rediyo da harshen da ban gane ba. Suka gaishe ni, suka ga kwanon, suka dubi juna. Ta ɓangare na huɗu babu ɗaki, sai daɓen siminti murabba'i, an shanya barkono a kai.

Matar ta ce, "Nan ne ɗakinta."

Ta ba ni kujera, ta zauna a kan turmi, ta ba ni labari. Ita 'yar Togo ce, shekara goma sha wani abu suna ƙofa da ƙofa da yayata, yarensu na can suke yi in sun gaji da na mutane. Mijin yayata ya riga ta gidan gaskiya, kuma Allah bai bar mata 'ya'ya ba. Shekarar da ruwa ya shigo ɗakin ya faɗi, ba ta ciki, amma komai nata ya tafi. Ta koma ɗakin wannan mata da zama. Sanyi ya kama ƙirjinta, aka yi ta likita, bayan damina ta cika. Yau shekara huɗu ke nan. Musulmin gidan suka yi mata wanka da salla, ita kuma ta dafa abincin baƙi.

Na ce, "Shekara huɗu? Ai bara ma an kawo nama. Bara ma mun ci garin rogo."

Ta ce ita ke zubawa. Naman kuma raba shi suke ɗaki-ɗaki, kowa ya yi mata addu'a irin tasa. Ba ta iya mai da kwano wayam ba.

Na tambaye ta ko akwai hoto. Ta ce ruwa ya ci. Na tambaye ta ko yayata tana maganarmu. Ta ce da fari takan ce uwarta ba ta son ganinta amma tana ciyar da ita, abin ya ɗaure mata kai. Sai Bafulatanar nan ta zaunar da ita wata rana ta bayyana mata, ta ce su ma haka suke yi, wadda aka fi kau da kai daga gare ta ita ce a zuciya. Tun daga ranar take cewa za ta koma Kalley. Ta ɗinka zane ma saboda tafiyar. Kullum sai ta ce bayan salla.

Ban yi kuka ba a lokacin. Fushi ne ya zo mini, ya rufe komai. Na ce wato tsohon nan shekara huɗu yana karɓar kwano daga hannun Inna, yana dawowa yana ce mata sun karɓa, ya bar ta tana aika wa kabari nama har ta mutu ba ta sani ba. Na faɗi maganganu a kansa da ba zan rubuta ba. Sai a nan matar ta gane Inna ma ta rasu, ta dafe kai. Da ta natsu ta ce tana da lambar ɗansa, don dattijon yakan kira ta jefi-jefi. Na ce ta ba ni.

A tsaye na kira, a kan daɓen nan, kusa da barkono. Ɗan ya kai masa wayar. Na faɗa masa rasuwar Inna a gaggauce, ko amsa addu'arsa ban tsaya yi ba. Na ce, "Baba, ina Harobanda. Ina cikin gidan. Me ya sa ka ɓoye mata?"

Mushe yake ce mini, yadda ake kiran masu aikin ofis a nan. Ya ce, "Mushe, mi za ya sa in ɓoye mutuwa? Ni musulmi ne. Na hwaɗa mata."

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Ranar da anka kai ta. Daga maƙabarta gidanku na tahi, ko hannu ban wanke ba. Na iske Hajiya tana tsintar shinkahwa a tire. Na tsuguna na hwaɗa mata. Ba ta ɗaga kai ba. Tac ce, an yi mata sutura? Nac ce an yi. Tac ce, to, Allah shi jiƙan musulmi. Ni na aza za ta gaya muku. Da salla ta zagayo ta miƙo mini kwano, na tsaya ina kallonta, sai tac ce, akwai mutane a gidan. Shi ke nan na ɗauka."

Na ce, "Ba ta yi kuka ba?"

Ya ce, "A gabana? Ɗiyar hwari ce fa, Mushe." Ya yi tari, sannan ya ƙara, "Kuma ai ba ta samu wuri ba. Ina nan tsugune kai kanka ka shigo daga biro, wurin aikinka, kana hwaɗa wai rana ta yi ba a gama abinci ba. Ta tashi ta zubo maka na jiya ta ɗumama. Ka ci, ka ce gishiri ya yi yawa."

Ban san yadda muka yi sallama ba. Na bar musu cinyar, matar ta raba ta ɗaki-ɗaki ina zaune ina kallo. Ta kawo mini ruwa na sha. Wani daga cikin mazan gidan ya ce zai raka ni maƙabarta, amma ya gaya mini gaskiya, ba zai iya nuna wurin daidai ba. Muka je muka tsaya a gefe muka yi addu'a ga duk wanda ke ciki.

Tun daga ranar nake neman wannan azahar ɗin a cikin kaina. Na san shekarar, na san bayan damina ne. Na tuna tabarmar da nake zama, na tuna tiren shinkafar, na tuna dattijon ma a tsugune a tsakar gidanmu, amma sau da yawa ya tsuguna a wurin, sau da yawa kuma na shigo ina faɗan abinci. Na tambayi ƙanwata, ta ce ba ta ga wani canji a wurin Inna ba a shekarun nan, sai dai ta rage cin goro. Matata ma haka. Muna gida ɗaya da ita, muna cin abin da ta dafa, tana zaman makokin 'yarta ita kaɗai a tsakiyarmu, har shekara huɗu.

Wani lokaci ina zaune a biro sai in ajiye abin da nake yi in sake bin ranakun ɗaya bayan ɗaya, ko zan ga wadda hannunta ya yi rawa da ta ajiye mini kwano. Duka iri ɗaya suke fito mini. Har yau ban gane wacce ce ba.